Jaz-mugam na Baku: wane faifai ya kamata ka fara saya?

Faifan garmaho na farko da na yi odarsa daga waje don in ji Vagif Mustafazadeh, shahararren mai fiyanon Azarbaijan, wata biyu ya yi a hanya. Ran da ya iso na goge shi, na ɗora, na sauke allura, na gyara zama ina jiran fiyano. Sai na ji muryoyin mata sun kaure da waƙa, fiyanon kuwa yana can baya yana raka su kamar ɗan amshi. Na juya bayan faifan, haka. Mai sayarwar bai cuce ni ba, sunan Vagif na nan ɓaro-ɓaro a jikin bangon da haruffan Rashanci. Ni ne ban san cewa mutumin ya shugabanci ƙungiyoyin mawaƙa mata ba, Leyli a 1970, sannan Sevil daga baya, kuma fayafayansu ma da sunansa suke yawo a kasuwa. Waƙoƙin ba su da laifi, amma ba su na biya wa kuɗin jirgi ba. Cinikin biri a sama na yi.

Saboda haka wanda ya tsinci wani guntun bidiyo na makaɗan fiyanon Azarbaijan ya ji abin ya shige shi, har yana tunanin sa kuɗinsa, ya dakata tukuna. Sunan jaz-mugam ɗaya ne, amma abin da ke ƙarƙashinsa ya bambanta ƙwarai. Wani faifan mugam ne zalla, wato kiɗan gargajiyar ƙasar, da aka ɗora a kan fiyano, wani jaz ne irin na Amurka da aka ɗan barbaɗa masa yajin Baku, babban birnin ƙasar, wani kuwa sunan ƙasar mai kiɗan ne kawai ya haɗa su.

Faifan farko ma ba na jaz ba ne

Shawarata ta farko za ta ba wasu mamaki: kada ka fara da mai fiyano ko ɗaya. Fara da mugam ɗin kansa, don in ba ka san ɗanɗanon daddawa ba, ba za ka gane ko an sa ta a miya ba.

Mugam shi ne babban kiɗan gargajiyar Azarbaijan, wanda UNESCO ta ayyana cikin gadon ɗan Adam a 2003. Mutum uku ne ke yin sa a al'ada. Akwai mawaƙi, wanda suke kira hanande, riƙe da wani faffaɗan bandiri mai suna gabal. Akwai mai tar, wani abin kiɗa mai tsirkiya 11 da ake rungumewa a ƙirji ana kaɗawa. Sai mai kamanca, ɗan'uwan gogenmu, wanda ake dafa shi a gwiwa. Baitocin galibi na tsofaffin sha'irai ne irin su Fuzuli. Manyan hanyoyinsa bakwai ne kamar yadda Uzeyir Hajibeyov, babban mai tsara kiɗan ƙasar, ya jera su: Rast, Shur, Segah, Shushtar, Bayati-Shiraz, Chahargah da Humayun. Wanda ke bin musabaƙa ya san ƙira'ar Rast da Bayati da Sika, to sunayen daga gida ɗaya suka fito, ko da yake kowane yanki da yadda yake tafiyar da nasa. Mawaƙin yakan faro daga ƙasa-ƙasa, babu bugun da ya ɗaure shi, ya yi ta hawa mataki-mataki har ya kai ƙololuwa inda murya ke neman tsagewa, sannan ya sauko ya dire inda ya faro. A tsakani ana sako gajerun kiɗa masu bugu don a huta: tasnif in da waƙa, rang in kiɗa ne zalla.

Wanda za ka nema shi ne Alim Qasimov, haifaffen 1957, wanda ya sami lambar kiɗa ta UNESCO a 1999. Kundin da Smithsonian Folkways ta fitar masa tare da 'yarsa Fargana a 2007, na shida a jerin kiɗan tsakiyar Asiya, shi ya fi sauƙin samu, kuma an ɗauke shi tsaf. Saurara sau uku ko huɗu, ka bar kunnenka ya bi mai tar musamman. Dalilin yana tafe.

Fiyano maɓallansa 88, kuma kowane maɓalli sautinsa a ɗaure yake, ba ya lanƙwasuwa. Daga wani sauti zuwa takwaransa na sama matakai 12 ne kacal. Mugam kuwa yana da sautukan da ke faɗawa a tsakanin waɗannan matakai. Mai kamanca zai ɗan zame yatsa ya kamo su, mawaƙi zai murza maƙogwaro. Mai fiyano ba shi da wannan gata, sai dabara. Yakan buga maɓallai biyu maƙwabta da sauri har kunne ya ji kamar akwai wani sauti na uku a tsakaninsu. Yakan yi ta sukuwa a kan maɓalli guda, tar-tar-tar, yana kwaikwayon yadda ake kaɗa tsirkiya. Hannun hagu kuma ya dafe sauti ɗaya yana ta ruri a ƙasa, maimakon ya riƙa sauye-sauye irin na jaz ɗin Amurka. Wannan shi ne ma'aunin da nake auna kowane faifai da shi kafin in biya: hannun damansa yana maganar tar, ko kuwa yaren New York yake yi da hular Baku a ka?

Vagif: tushen ne, amma sayensa sai da ido

An haifi Vagif Mustafazadeh ranar 16 ga Maris 1940 a tsohon birnin Baku, cikin ganuwa. Ya tashi a lokacin da hukumar Tarayyar Sobiyet ke kallon jaz a matsayin kayan 'yan jari-hujja, don haka shi da abokansa a rediyon gajeren zango suke kamo shi, daga BBC da shirin jaz na Willis Conover a Muryar Amurka. Duk wanda ya taɓa murɗa akwatin rediyo da dare yana bin tasha tana zuwa tana ɓacewa ya san irin wannan sauraro. Su babu damar ɗauka, abin da kunne ya riƙe shi za a je a lalubo a kan fiyano. A shekarun 1960 ya zauna a Tbilisi ta Jojiya, ya yi aiki da ƙungiyar Orero, ya kafa tasa ta mutum uku. Ya dawo gida, kuma a ƙarshen shekarun 1970 wani kiɗa da ya sa wa sunan 'yarsa Aziza ya zo na ɗaya a gasar masu tsara jaz a Monako. Ranar 16 ga Disamba 1979 zuciyarsa ta buga a Tashkent, inda ya je wasa. Shekararsa 39.

Abin da ya bari shi ne ma'auni ga duk na bayansa. In ka ji shi shi kaɗai a kan fiyano, ko da mai ganga da mai bes (abin kiɗa mai tsirkiya mai kaurin murya) kawai, za ka ji mutumin da bai tsaya jera jaz a gefe ɗaya da mugam a gefe ɗaya ba. A bakinsa yare guda ne. Yana iya farawa da sanyin Bayati-Shiraz, kafin ka farga ya zarce cikin lilon jaz, kuma ba za ka iya nuna inda ɗinkin yake ba.

Ba a nan gizo ke saƙar ba, a wajen saye ne. Kamfanin gwamnati na Melodiya shi kaɗai ke buga fayafayai a Tarayyar Sobiyet, kuma abin da ya buga masa yanzu yana hannun masu tara tsofaffin kaya. In ka nace sai garmaho, ga abin da na koya da kuɗina. Ka nemi sunan ta hanyoyi da yawa, domin ana rubuta shi Vagif ko Vaqif, Mustafazadeh ko Mustafa Zadeh, a Rashance kuma Вагиф Мустафа-заде, kuma sau da yawa wanda ya sa sunan da Rashanci ya fi sauƙin farashi. Ka sa mai sayarwa ya turo maka hoton takardar tsakiyar faifan, ba bangon kawai ba. A fayafayan da aka buga daga tsakiyar shekarun 1970, lambar da ta fara da С60 babban faifai ne mai inci 12, wadda ta fara da С62 kuwa ƙarami ne mai inci 7, waƙa uku ko huɗu ya ƙare. Ka duba ko an rubuta sunan Sevil ko Leyli, don kada ka maimaita irin tawa. A Discogs, kasuwar fayafayai ta intanet, ana ba faifai daraja daban, bangonsa daban. Ni ba na sauka ƙasa da darajar VG+, wato faifai mai kyau sosai da ƙarce kaɗan, ga faifan fiyano, domin kiɗa ne mai yawan shiru, kuma a cikin shirun ne ƙarce ke yin ƙara kamar ana suya.

Ko ka samu mai kyau, tsugune ba ta ƙare ba. Kuɗin aike yakan kai kuɗin faifan ko ya fi. Zafi yana lanƙwasa faifai, kuma kwalin da ya kwana biyu a bayan mota cikin watan Afrilu sai addu'a. Ƙurar hunturu tana cika ramukan sautin. In ba ka riga ka mallaki garmaho mai lafiyayyar allura ba, kada son Vagif ya sa ka fara. An tattara kiɗansa da dama a manhajojin sauraro da YouTube. Ingancin ɗaukar ne ke hawa da sauka: wani daga ɗakin ɗauka ya fito, wani daga talabijin, wani kwafin kaset ne da ya sha hannu. Ka saurara kyauta tukuna, ka ware waɗanda fiyano ke gaba.

Aziza: nan kuɗinka zai fi yin aiki

Mahaifinta ya rasu saura kwana uku ta cika shekara 10. An haifi Aziza Mustafa Zadeh ranar 19 ga Disamba 1969, mahaifiyarta Eliza mawaƙiya ce, kuma ita ta ci gaba da riƙe ta a harkar. A 1988 ta zo ta uku a gasar fiyano ta Thelonious Monk a Washington, sannan a farkon shekarun 1990 suka koma Jamus, suka zauna a Mainz. Wannan ƙaura ita ta sa fayafayanta suka fi na kowa sauƙin samu: kamfanin Columbia ne ya buga na farko-farkon, an buga su da yawa, kuma CD ɗinsu na hannu yana yawo a Turai da araha. Ɗaukar ma tsaf take, ba irin ta zamanin mahaifinta ba.

Sai dai kundayenta ba tafiyarsu ɗaya ba, kuma wanda aka fi yi wa talla ba shi ne na fi so ba.

Na 1991, wanda ke ɗauke da sunanta kawai, kusan ita kaɗai ce: fiyano da murya. Shi nake miƙa wa duk wanda ya tambaye ni. Babu inda za ta ɓuya. Kana jin yatsunta suna yin aikin tar ɗin nan da na faɗa, kana jin tarbiyyar makarantar kiɗan Turai a tsabtar bugunta, sannan ga wata baiwa da mahaifinta bai yi fice da ita ba, wato murya. Tana rera sautuka marasa kalma da gudu, daidai da abin da yatsunta ke bugawa, tana murza su irin murzar hanande. Wasu wannan ne ke kama su, wasu kuma shi ke korar su, don muryar tana hawa sama sosai, tana da kaifi. Ka ɗanɗana minti biyar kafin ka biya. In muryar ta dame ka a nan, za ta dame ka a ko'ina.

Always na 1993 ta yi shi ne da John Patitucci a bes da Dave Weckl a ganguna, mutanen Chick Corea, shahararren mai fiyanon jaz na Amurka. Wannan shi ne tsaka-tsaki, kuma in kunnenka ya riga ya saba da jaz, ta nan ya kamata ka shiga. Mutum uku ne kawai, don haka akwai fili, kuma bugun nan na rawar Azarbaijan mai tafiya shida-shida yana fitowa sarai a hannun Weckl.

Dance of Fire na 1995 shi ne mai suna. Ta tara manya: Al Di Meola a jita, Stanley Clarke a bes, Omar Hakim a ganguna, Bill Evans mai saksofon. Kowa gwani ne, kuma kowa ya zo ya nuna. Gudu ne da ƙwarewa tun daga farko, jita da fiyano suna tsere kafaɗa da kafaɗa. Na yarda yana burgewa, kuma shi ne zai fi saurin kama matashin da ke son kiɗa mai zafi. Amma mugam kiɗa ne mai son a ba shi lokaci ya hau a hankali, a nan kuwa ba kasafai ake ba shi ba. Ina ɗora shi in na yi baƙi. In ni kaɗai ne da dare, ba shi nake ɗaukowa ba.

Seventh Truth na 1996 ta komo kusan ita kaɗai, kuma ya fi na farkon zurfi da nutsuwa, waƙa da harshen Azarbaijan ta fi yawa. Da shi da Shamans na 2002, wanda Decca ta buga, su ne na biyu a jerina. Abu guda: hoton bangon Seventh Truth ba irin wanda za ka ajiye a falo ba ne inda yara da surukai ke shiga, don gashin kanta ne kusan suturarta. In CD za ka saya, ka san da haka. In saukewa za ka yi, hoton zai riƙa fitowa a fuskar wayarka.

Jazziza na 1997, inda Toots Thielemans ya busa hamonika, yawancinsa sanannun waƙoƙin jaz ne na Amurka da Brazil. Contrasts II na 2007 kuwa ta karkata ga waƙar opera. Duka biyun na masoyanta ne da suka riga suka mallaki sauran. Mai neman mugam ya tsallake.

Na bayansu

Shahin Novrasli, haifaffen 1977, shi ne wanda na fi ganin ya riƙe amanar Vagif ba tare da ya zama kwafinsa ba. Marigayi Ahmad Jamal, babban mai fiyanon Amurka, ya ɗauke shi kamar ɗa, ya tsaya masa har aka fitar da Emanation a 2017, inda James Cammack, wanda ya daɗe yana yi wa Jamal bes, ya raka shi. Akwai kuma wani kundinsa mai suna Bayati, sunan kaɗai ya gaya maka inda aka dosa. Bugunsa yana da nauyi, yana son farawa da dogon shiru da 'yan sautuka kaɗan kafin ya buɗe wuta, kamar yadda hanande ke yi. In kana son ingancin ɗauka na zamani da mugam na gaske a faifai guda, kuma muryar Aziza ba ta yi maka ba, ga naka.

Isfar Sarabski ɗan gidan waƙa ne, tattaɓa-kunnen Huseyngulu Sarabski, mawaƙin opera na farkon ƙarni na 20. An haife shi a 1989, ya ci gasar fiyano ta bikin jaz na Montreux a 2009 yana da shekara 19. Kundinsa Planet ya fito a 2021 a ƙarƙashin Warner, da Mark Guiliana a ganguna. Ya fi sauran ƙyalli: ga tarin masu goge irin na Turai, ga bugu mai kama kunnen 'yan zamani, akwai kuma inda ya shigo da mai tar na gaske. Wannan wurin ya cancanci a saurara da kyau, don za ka ji fiyano da abin da yake kwaikwayo gefe da gefe. Sauran kundin kuwa mugam ɗin yana zuwa yana wucewa ne. Shi ya fi dacewa da mota.

Amina Figarova 'yar Baku ce ita ma, ta yi karatu a Rotterdam da Boston, ta zauna a New York, kuma gwana ce wajen tsara kiɗa ga ƙungiyar mutum shida. Amma jaz take yi irin na Amurka. Manhajoji sukan jero ta kusa da Aziza saboda ƙasa ɗaya, sai mutum ya saya yana jiran abin da ba ta yi alkawari ba.

CD, saukewa ko haya

Biyan kuɗin wata a Spotify ko Apple Music haya ce: ran da ka daina biya, ko kamfanin da ke da haƙƙin kundin ya janye shi, shi ke nan. Amfaninta shi ne ɗanɗano, kuma don wannan kaɗai ta cancanci kuɗin wata guda. Ka lura da data. A ingancin sauti na kilobit 320 a daƙiƙa, awa guda tana cin kusan megabait 144, mugam guda ɗaya cikakke kuwa yana iya haura minti 30. Ka sauke inda kake da intanet mai yalwa, ka saurara daga baya. Ka kuma duba da kanka ko kundin da kake so yana buɗewa a ƙasarka kafin ka biya, don ba kowane kundi ake saki ko'ina ba.

CD na hannu shi ne na fi ba da shawara ga kundayen Aziza na shekarun 1990. Ba shi da nauyi, ya fi garmaho jure tafiya, kuma in kana da ɗan'uwa mai dawowa daga Jamus ko Ingila, guda uku ba za su tsare masa wuri a jaka ba. Da ya iso ka kwafe shi a kwamfuta ka adana asalin. Ɗan littafin da ke ciki ma yana da amfani, don a nan ake rubuta wanda ya buga me.

Kuma don Allah kada ka yanke wa ko ɗaya daga cikinsu hukunci da sifikar waya. Rurin hannun hagun nan da ke riƙe da mugam ɗin gaba ɗaya, sifikar waya ba ta fitar da shi, sai ka ji kamar ana ta wasa da cokula. In kuɗinka na abu ɗaya ne tak, tsakanin faifai da abin sauraron kunne mai kyau, sayi na kunnen, ka saurari kiɗan a YouTube.

Da za a mayar da ni ranar da na yi waccan odar, da kuɗin nan sai in biya hayar wata guda in yi ta jin Alim Qasimov da tsofaffin ɗaukar Vagif, in sa a taho mini da CD ɗin Aziza na 1991 da Always, canjin kuma in ajiye wa Emanation. Faifan matan nan yana nan a kan kanta. Ƙanwata ta gano shi, kuma duk ran da ta zo gidan shi take cewa a ɗora mata.